Takobin Mai Ƙwarya

Takobin ne Fanta ta fara gani. Wata yarinya ce fara sol ta sauko daga motar 'yan fim riƙe da shi a hannun hagu, hannun dama kuwa waya ce, tana latsawa tana dariya. An yi mata kitso mai yawan wuri da tsabar azurfa, irin wanda rabon Fanta da ganinsa a kan mace tun tana budurwa, kuma ko a wancan zamanin ba wadda ke ɗora wannan kaya a ka ta tafi tatsa. An baƙanta mata leɓen ƙasa da wani abu mai gogewa, don ga shi nan ya ɓata bakin robar ruwan da take sha.

"Wace ce waccan?" Fanta ta tambayi surukarta.

"Ramlat ke nan, Dada," in ji Saudat. "Ita za ta fito a Mai Ƙwarya."

"To ina ƙwaryar?"

Saudat ta yi kamar ba ta ji ba, ta shiga gyaran mayafi.

Tun ranar da aka zo mata da maganar fim ɗin nan hankalin Fanta bai kwanta ba. Autanta Sadisu, wanda ke kiwon garken yanzu, shi ya amsa wa mutanen cewa za a ba su aron shanu da gindin dutsen da ke bayan gidansu a Kahu, sai da ya gama amsawa sannan ya zo yana sosa ƙeya wai neman shawara yake. Ba ta hana ba. Littafin da za a mayar fim na ɗanta na fari ne, wanda ya yi koyarwa a firamare a Rano har ciwon ƙoda ya ɗauke shi bara da damina. Matarsa Saudat ita ke da ta cewa a kan littafin, kuma ta riga ta ce to.

Fanta ba ta karatun boko. Bayan Saudat ta fita takaba ne ta riƙa zuwa daga Rano ranar Asabar, su zauna a inuwar ɗorawa, ta karanta mata *Garken Ƙarƙashin Dutse* kaɗan-kaɗan. Labarin aljanu ne da suka buɗe cikin dutse suka haɗiye garke guda har da saurayin da ke kiwonsa. Jarumai masu kwari da baka suka yi ta zuwa suna komawa da kunya. Sai uwar yaron ta zo, wata tsohuwa mai ɗingishi da giɓi a baki, ba ta riƙe da komai sai ƙwaryar tatsa. Sarkin aljanu ya ce da ita abu mai sauƙi ne, ta kira sunan ɗanta da ƙarfi, ƙofa za ta buɗe. Yaron kuwa ɗan fari ne. Tsohuwa ta ce ba ta san wanda ake nufi ba, ita shanunta ta zo nema. Ta zauna bakin dutsen tana ƙwanƙwasa ƙwarya, tana kiran shanun ɗaya bayan ɗaya, kowace da sunanta, har suka rikice a ciki suka tsaga dutsen suka fito. Yaron ya fito a ƙarshe, riƙe da wutsiyar saniyar baya. Uwar ba ta ko dube shi ba. Ta ajiye ƙwarya a ƙasa ta ce, "Ga nono nan, wani ya sha kada ya lalace."

Ranar da Saudat ta kawo wurin nan, Fanta ta ce ƙarya ce tsagwaronta, ina aka taɓa ganin saniya ta tsaga dutse. Asabar ta gaba kuma ta ce a koma baya, wai barci ya ɗauke ta ba ta ji da kyau ba. Haka ta yi ta fakewa da barci har Saudat ta haddace shafin.

A wajen su Fanta, uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Ba ta yabonsa, ba ta jan shi a jiki ido na gani, in ya faɗi wani ke ɗaga shi. Shekara arba'in da ɗoriya, in maganarsa ta kama sai ta ce "wancan", da ya yi aure ya koma "maigidan Saudat". Ko da yana kwance a asibiti a Kano, takan shiga ta ajiye furar da ta dama, ta tambayi Saudat ya mai jiki, ta fito ta zauna a bencin bakin ƙofa har yamma. Da ya rasu ba wanda ya ga hawayenta. Amma tambaya ɗaya ta riƙa cin ta a ciki: yaron nan da ya yi boko, ya zauna cikin Hausawan gari, ya ga yadda iyaye mata ke rungumar 'ya'yansu a tasha, ya san abin da shirun nata ke nufi kuwa? Littafin ne ya ba ta amsa. Ɗingishin nata ne, giɓin nata ne, har maganar nonon tata ce. Kuma daga bangon farko har na ƙarshe bai sa wa yaron labarin suna ba. Ya sani ke nan. Da wannan take kwana take tashi.

Yanzu ga Mai Ƙwarya ta sauko daga mota da haƙora cif a baki da takobi.

Daraktan ya taho da sauri ya durƙusa gabanta. Tajuddin sunansa, mai ɗan gemu da hular da ya juya bakinta baya. Ya gaishe ta da gida, da shanu, da damina, da haƙurin rashi, ya sake dawowa kan shanu. Fanta ba ta sakin jiki da mutumin da gaisuwarsa ta yi yawa. Ga kuma wani turare da ke tashi daga jikinsa, wanda ta ji kamar ta taɓa shaƙarsa a wani wuri da ba ta so.

"Ɗan nan," ta ce, "tsohuwar littafin ta warke daga ɗingishi ne?"

Ya yi dariya. "Inna, ai fim daban, littafi daban. Masu kallo suna son su ga jaruma tana motsi. In muka ajiye tsohuwa tana ƙwanƙwasa ƙwarya, wallahi kafin shanu su fito kowa ya canza tasha."

"Takobin fa? Me za ta yanka?"

"Aljanu, Inna."

"Allah Ya ba da sa'a," in ji Fanta.

Ya tashi ya sa aka kawo kujerun roba biyu. Ta lura da kansa ya goge ta Saudat da hannun rigarsa, ya gyara mata ita zuwa inuwa. Ta lura Saudat ta ce masa "sannu Taju", ba "Malam" ba, ba "Alhaji" ba. Fanta ta ƙi kujerar, ta shimfiɗa gefen zanenta a kan wani falalen dutse ta zauna inda za ta riƙa ganin su duka biyun.

Matan maƙwabta sun fito kallo, wasu da goyo, wasu sun baro cirar gyaɗa. Aka tara ɗanyar ciyawa aka cinna mata wuta don hayaƙi. Aljanu suka fito daga bayan dutse, an shafe su da gawayi da man ja, kuma duk da haka Fanta ta gane ɗaya daga cikinsu, mai acaɓan nan ne na Kibiya da ke kai ta kasuwa. Ramlat ta yi ta tsalle tana wulwula takobi, aljanu suna faɗuwa tun bai taɓa su ba. Wani dogo yana bin ta da sanda mai gashi a kai, wai ita ke ɗaukar murya. Sadisu yana can gefe yana fama da shanu, hayaƙi ya dame su. Mata suna ta dariya, har Fanta ta fara jin abin bai kai yadda ta tsorata ba. In wasan yara ne, su yi su gama su tafi. Wannan yarinyar ba Mai Ƙwarya ba ce, kuma ba mai hankalin da zai ce ita ce.

Sai aka ce a yi shiru. Aka ɗiga wa Ramlat wani ruwa a ido. Ta hau kan dutsen, ta jefar da takobi, ta buɗe hannuwa. Tajuddin ya ɗaga yatsa ya sauke.

"Hammadu!"

Dutsen ya maido da sunan.

"Hammadu ɗana! Fito! Uwarka ce ke kira! Hammadu!"

Fanta ta ji kamar an fizge mata zane a tsakiyar kasuwa. Dariyar matan ta ɗauke. Suka juyo suka dube ta, suka yi saurin kawar da kai, wata ta ja 'yarta ta bar wurin. A cikin garken kuwa, Wule ta ɗago. Tsohuwar saniya ce mai farin goshi, jikar karsanar da aka ba ɗan nata na fari ranar suna. Duk Juma'a in ya taho daga Rano a kan babur, yara kan ruga suna ihun sunansa, shi kuma bai taɓa zuwa ba kanwa a aljihu ba. Wule ta miƙe kunnuwa, ta juya ta fuskanci hanyar Rano, ta yi kuka.

"Kai, madalla!" in ji Tajuddin. "Ka ɗauki saniyar? A sake, a sake. Ramlat, ƙara kuka."

Aka sake. Aka kuma sakewa. Kowane karo Wule sai ta dubi hanya.

Fanta ta tashi. Ƙafar da ke mata ciwo ta riƙe, amma ta ratsa ta tsakiyar wayoyinsu har gaban kyamara, ba ta damu da mai ɗaga mata hannu ba.

"Ɗan nan. A littafin, yaron ba shi da suna."

"Haka ne, Inna."

"Wa ya ba ka wannan?"

Tajuddin ya cire hula. Bai dube ta ba, Saudat ya duba. Kallon bai daɗe ba, amma Fanta ta gan shi, kuma ta ga Saudat ta sunkuyar da kai.

"Inna, don Allah ki tambayi Saudat. Ba na so ki ji daga bakina."

Ba ta ce da surukarta ta biyo ta ba. Ta juya kawai ta kama hanyar gonar gyaɗa, ta ji takun a bayanta. Sai da suka yi nisan da hayaniyar janareta ta ragu sannan ta tsaya.

"Saudat, ke yarinya ce, ban ce ki zauna haka ba. In aure kike so, ki yi, ni zan fara sa miki albarka. Amma kada ki kai wa mutum sunan mamaci a matsayin gara."

"Dada!"

"Ina da ido. Na ga kujera."

"Kujera?" Saudat ta dafe ƙirji. Hawaye suka taru mata, amma muryarta ta fushi ce. "Taju ajinsu ɗaya da shi tun sakandare. Matarsa ƙawata ce, a gidansu nake kwana lokacin jinya. Dada, ni za ki yi wa wannan zato?"

"To wa ya ba shi?"

Saudat ta murza ganyen gyaɗa a hannu.

"Shi ne," ta ce.

"Wa?"

"Mai sunan. Taju ya zo duba shi a asibiti, suka yi maganar fim. Taju ma cewa ya yi wurin ƙwaryar nan ba za a taɓa shi ba, shi ne ran littafin. Takobi da tsalle-tsalle nasu ne, wannan ban musa ba. Amma kiran, shi ya ce a sa. Ya ce a ba yaron sunansa, kuma uwar ta kira shi da ƙarfi, kowa ya ji."

"Ƙarya ne."

"Na ce masa Dada ba za ta ji daɗi ba. Ya ce, 'Littafin na Dada ne, na rubuta mata abinta. Fim ɗin a yi mini nawa.'"

Fanta ta dubi fuskar yarinyar tana neman inda ƙaryar ta ɓuya. Mamaci ba ya tashi ya ce ban faɗa ba. Duk wanda ya ga dama sai ya sa masa magana a baki, balle mutanen da sana'arsu ke nan, su ɗiga ruwa a ido su ce kuka ne. Wa ya sani ko a mota suka shirya wannan amsar, don in tsohuwa ta tayar da rigima a rufe mata baki da ita?

"Zafin ciwo ne," ta ce. "Mai ciwo yana faɗin abin da bai sani ba."

"Ranar nan da sauƙi ya tashi. Har furar ya sha."

"In gaskiya ne, me ya hana ki faɗa mini? Duk Asabar ɗin nan kina karanta mini, kina kallona."

"Ta yaya zan faɗa, Dada? Ina ganin yadda kike in na zo wurin nonon."

"Ina nake lokacin da ya faɗa?"

"Kina waje, a kan benci. Ƙofar a buɗe take. Shi ya ce mu rage murya kada ki ji."

Sai turaren ya faɗo mata. Wata ranar Talata ce ko Laraba, wani mai ɗan gemu ya fito daga ɗakin da jajayen idanu, ya durƙusa gaban bencin ya yi ta gaisuwa har ta gaji da amsawa. Kafin fitowarsa ta ji muryoyin ciki sun yi ƙasa, ta ɗauka maganar likita ce ake ɓoye mata. Har ta ji daɗi a ranta cewa yaron yana da kunya, ba ya so uwarsa ta ji abin da zai tayar mata da hankali. Tsakaninta da gadon bai fi ta miƙa hannu ta tura ƙofa ba.

Daga can gindin dutse aka sake kwarara kiran. Muryar Ramlat ta fara dushewa.

"Ki ce su daina," in ji Fanta. Sai kuma ta ce, "A'a. Bar su."

"Dada, ba wai yana nufin bai san..."

"Koma wurin baƙinki. Za su ce mun watsar da su."

Ba ta koma kallon ba. Ta shiga gida ta wanke ƙoren da ta riga ta wanke da safe. Ta share tsakar gida. Duk inda ta juya sunan yana shigowa ta saman katanga, wani lokaci da kuka, wani lokaci sai a katse shi a tsakiya a yi dariya a sake. Tana shara tana auna maganar. In Saudat ƙarya ta yi, to littafin yana nan yadda yake, kuma gobe ma za ta iya cewa a karanta mata. In gaskiya ta faɗa, to yaron ya san komai, ya fahimta, ya rubuta fahimtar tasa da kyau har mutanen da ba su san ta ba suna son tsohuwar, amma duk da haka ya tafi yana jiran abin da bai samu ba. Ta fi so a ce surukarta maƙaryaciya ce. Ta yi ta ƙoƙarin ta yarda da hakan, turaren yana hana ta.

Bayan la'asar motocin suka tashi. Tajuddin ya zo sallama, ta ce a ce masa tana salla. Saudat ta tsaya bakin ƙofar ɗaki ta ce, "Dada, sai Asabar?" Fanta ta ce Allah Ya kai mu, ba ta ce a zo da littafin ba, ba ta ce kada a zo da shi ba.

Da rana ta yi sanyi Sadisu ya koro shanu gida, ya ce Wule ta ƙi biyowa, tana can gindin dutse, bari ya sha ruwa ya koma.

"Zauna," in ji Fanta. "Ni zan je."

Ta ɗauki ƙwarya don kada a tambaye ta abin da za ta yi. Wurin duk an tattake shi. Ga tokar ciyawa, ga robobin ruwa, ga wuri guda biyu da suka faɗo daga kitson yarinyar. Wule tana tsaye tana kiwo, gindinta ga dutse, kanta wajen hanya. Fanta ta zagaya bayan dutsen ta leƙa. Ta duba cikin sabarar da ke gefe, ko sun manta da sandar nan mai gashi, don ba ta yarda mutanen nan ba su bar wani abu yana saurare ba. Ta dubi hanyar gona, ta dubi ta gida. Ba kowa.

Ba ta hau dutsen ba, ƙafar ba za ta bari ba. Ta tsaya a gindinsa ta dafa shi. Da ɗumin rana a jikinsa har yanzu. Ta buɗe baki, ta rufe. Ta yi gyaran murya kamar mai shirin yi wa baƙo magana. Harshenta ya san sunan kowace saniya da aka haifa a garken nan tun zuwanta gidan, amma wannan bai san ta inda ake fara shi ba.

"Hammadu," ta ce.

Ko ita da ƙyar ta ji. Dutsen bai maido da komai ba. Wule, wadda ta wuni tana ɗaga kai ga muryar 'yar fim, ba ta ko motsa kunne ba, ta ci gaba da fizgar ciyawa.

Fanta ta daɗe a tsaye. Ta san da ƙarfi yaron ya ce a kira. Ta ja numfashi har ƙirjinta ya cika, ta riƙe shi, sai ta hango wani mai keke can kan hanyar Rano, ta saki numfashin a hankali.

Ta ƙwanƙwasa ƙwaryar da yatsa.

"Wule. Wule, taho."

Saniyar ta juyo nan take, ta taho tana jan tsofaffin ƙafafunta. Fanta ta matsa gefe ta ba ta hanya. Ta bari ta wuce ta gaba ɗaya, kai da tozo da gindi, har wutsiya, sannan ta dubi bayanta.